Zomanyata ta haihu amma ta ƙi shayar da 'ya'yan, ku taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina a tashe yake. Da kuɗin adashe na sayi zomaye biyu farare, irin New Zealand. Maigidana tun farko bai so ba, shi kaji ya ce in saya, ƙanwarsa ma sai da ta ce zarni zai kore mu daga gidan, yanzu kowa ya zuba ido yana jiran in ji kunya. Shekaranjiya macen ta haihu, guda bakwai, jajaye, ba gashi, ido a rufe. Ta tsige gashin ƙirjinta ta lulluɓe su, tun daga nan ban ga ta ko leƙa su ba. Yau na tarar biyu sun mutu a gefe. In kwashe sauran in ba su madara da sirinji?

Baba mai zomaye: Wa alaikumus salam. Hajiya, kar ki soma. Zomanya ba akuya ba ce da za ki ga 'ya'ya a gindinta yini guda. Sau ɗaya take shayarwa a rana, in ta yi yawa biyu, galibi cikin dare ko da asuba, minti 3 zuwa 5 ta fice. Nononta kauri gare shi, yana riƙe su har gobe. Ki duba cikinsu da safe. In ya yi tim, sun sha. In fatar ta yamutse, to nan ne akwai magana. Madarar gwangwani kuwa shaƙe su za ta yi ko ta sa su zawo.

Maman Biyu: A'a, kar ki taɓa su! Da ta ji warin hannun mutum cinye su za ta yi. Haka tawa ta yi min.

Baba mai zomaye: Camfi ne wannan. Ƙishirwa, firgita da haihuwar fari su ke jawo haka. Ki ajiye mata ruwa kawai, ki hana yara da kyanwa zuwa wurin.

Ɗan Zariya: Ku dai kun ga haihuwar ma. Ni wanda ya sayar min har rantsuwa ya yi mace da namiji ne. Na yi ta zuba harawa da dusa ina jiran 'ya'ya, ashe ƙarti biyu nake kiwo. Ya daina ɗaga wayata.

Baba mai zomaye: Waɗanda suka mutu, sanyi ne. Suna maƙale da nono ta fito da su, ita kuma ba ta ɗaukar ɗa a baki ta mayar. Cikin zomo kwana 31 ne ko kusa da haka, shi ya sa ake sa akwatin haihuwa mai ɗan tsayin baki tun rana ta 28. Tukuna ma, ina namijin?

Mai tambaya: Yana tare da su, Baba. Ai ba ya faɗa, tare suka tashi.

Baba mai zomaye: Innalillahi! Ki fitar da shi yanzun nan. Zomanya ba ta da lokacin neman namiji kamar tunkiya, barbarar ce da kanta ke sa ƙwai ya sauko, ranar da ta haihu ma tana iya ɗaukar wani cikin. Waɗannan sai kwana 10 za su buɗe ido, yaye sai sati 4 zuwa 6, ga wasu sun iso. Kuma ai mace ake kaiwa kejin namiji, a gama a dawo da ita.

Maman Biyu: Kai Baba, ka cika tsanani. Mahaifiyata a ɗaki ɗaya ta sake su duka, suna haƙa rami suna haihuwa, ba akwati ba lissafi.

Mai tambaya: Keji ɗaya gare ni, kuma in na ce maigida ya yo wani, ya samu abin faɗa ke nan. Ni dai har yanzu ina ganin ba ta son su ne. Ƙaramin cikinsu ma na ɗan ɗiga masa madara ɗazu, kuma ya sha.

Ɗan Zariya: Hajiya, in sun rayu nawa za ki sayar min da mace ɗaya? Amma a duba sosai.