Masu tsintar kaɗanya da lissafin kuɗi: ta ina za a fara?

Malamar yaƙi da jahilci: Assalamu alaikum. Matan da ke tsintar kaɗanya a dazukan Borgu sun iya ƙirga kuɗi da ka, amma kaka na wucewa hannu ba komai. Wane lissafi ya kamata a fara koya musu?

Malamin gona: Wa alaikumus salam, Malama. Fara da awo, a ajiye allo tukuna. Su da mudu suke sayarwa, dillali kuwa kan sikeli yake kaiwa gaba, a tsakani ribar take ɓacewa. Ƙungiya ta sayi sikelin rataye, a ɗebo mudu 10 na busasshiyar ƙwara, a auna, a raba gida 10. Kowace ta san nauyin mudunta. A maimaita da mudun dillali, wanda ake yi wa tozo. Idan suka ga bambancin da idonsu, lissafin rabawa ya zauna musu.

Mai sarrafa man kaɗe: Gaskiya ne, Malam. Sai lissafin mai. A aikin hannu, kilo 3 na ƙwara ke ba da kamar kilo 1 na mai. A ce kilon ƙwara naira 500 ne, to ƙwarar kaɗai ta ci 1,500 kafin a sa itace, ruwa, kuɗin niƙa da na mota. Mata da yawa ba sa lissafa ƙwarar, wai ai tsinto ta aka yi. Kuskure ne babba. A jera tsakuwa, kowace ɗaya naira 100, a riƙa cirewa daga kuɗin ciniki. Abin da ya rage shi ne ladan wahalarta.

Malamar yaƙi da jahilci: Hajiya, ajiya fa? A damina kaɗanya ke zuba, lokacin ba ta da daraja.

Mai sarrafa man kaɗe: A dafa cikin 'yan kwanaki da tsinta, in ba haka ba ta tsira, man ya yi ɗaci. A shanya sai ta yi ƙara in an girgiza. A zuba a buhun algarara, a ɗora bisa katako. Leda na jawo fumfuna. A auna ranar ajiya da ranar sayarwa, don nauyi na raguwa.

Sakataren ƙungiya: Ajiya ba ta yiwuwa ga wadda ta ci bashin dillali tun bazara. Maganinsa asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991. Mata 15 zuwa 30, zubi duk mako, akwati mai kwaɗo 3, makullan a hannun mutum 3, akwatin a ɗakin ta huɗu. Kowane zubi hatimi ɗaya a littafinta, ko ba ta iya karatu za ta ƙirga. Rance kada ya wuce ninki 3 na abin da ta tara. Ana ƙirga kuɗi a bainar jama'a, a faɗi jimla da ƙarfi.

Malamin gona: Kuɗin ruwa ne ke wargaza irin wannan a wurinmu.

Sakataren ƙungiya: A cire kuɗin ruwan. Asusu ya sayi ƙwara a damina, ya sayar da rani, a raba ribar gwargwadon hatimin kowa. Ranar rabo kuma a sa ta a watan Mayu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma dillalai ke zagayawa da kuɗi.