Neman taimako: manhajar gano motsi a bidiyo tana ruɗewa idan haske ya sauya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka ƙware a sarrafa bidiyo da kwamfuta, domin mako biyu ke nan ina fama da matsala ɗaya.

Na rubuta ƙaramar manhaja da harshen Python da OpenCV (tarin kayan aikin sarrafa hoto da bidiyo) domin ta gano duk abin da ya motsa a gaban kyamarar da aka kafe wuri ɗaya, na kuma yi amfani da dabarar MOG2, wadda ke koyon yadda wurin yake idan babu kowa, sannan ta ware duk fiksel (ɗan ɗigon hoto) da ya sauya, ta nuna shi da fari. A cikin ɗaki tana aiki lafiya lau. A waje kuwa, da zarar gajimare ya rufe rana, sai rabin hoton ya koma fari fat, ganyayen da iska ke kaɗawa kuma su cika allon da ƙananan akwatunan da manhajar ke zanawa kewaye da abin da ya motsa. Inuwa ba ta wahalar da ni ba, tunda dabarar tana ba ta lamba 127, na tace ta.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin koyo. Idan na ƙara shi, sauyin haske yana daina ruɗa ta, amma mutumin da ya tsaya cak na ɗan lokaci sai ya saje da bango, ya ɓace. Idan na rage shi, ko na ɗaga adadin hotunan da take tunawa sama da 500 na asali, matsalar hasken ta dawo.

Shin akwai hanyar magance duka biyun ba tare da komawa ga YOLO (dabarar ƙirƙirarriyar basira mai gane abubuwa a hoto) ba? A kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi nake aikin, kuma ina tsoron nauyin zai yi mata yawa.