Me yasa wata roba ke kamawa da wuta, wata kuma wutarta ta mutu da kanta?

Mai_caji_Garwa:
Slm 'yan uwa, don Allah masana ku taimaka. Ina sana'ar cajin waya nan Garwa, da zafin nan na Afirilu ralonj (doguwar wayar lantarki mai soket da yawa) biyu suka yi zafi a shagona, ɗaya ta yi baƙi ta ɗan kumbura shikenan, ɗayar ko wlh ci ta yi tana ɗiga da wuta har kan kwali, da ba na wurin da sai dai labari. To ba duk roba ba ce?

Injiniya_Ngaundere:
Wslm ɗan uwa, Allah Ya tsare gaba. Roba daga man fetur take, don haka asalinta makamashi ce, sai dai a masana'anta akan cuɗa mata sinadarin hana kamawa. Akwai aluminium hydroxide, farin gari ne, in zafi ya kai wajen digiri 200 sai ya saki ruwa ya sanyaya robar, akwai masu fosforas da ke sa saman ya zama gawayi ya toshe iska, ina kyautata zaton irinsa ka gani a wadda ta yi baƙi, sai masu bromin da ke kashe harshen wutar kansa.
Kuma gwaji ake yi ba da ka ba. A gwajin UL 94 ana rataye siririn yankin roba a tsaye, a shimfiɗa auduga ƙasa, a kanga masa wuta daƙiƙa 10 a janye, a sake. In wutar ta mutu cikin daƙiƙa 10 kuma ɗigon robar bai kunna audugar ba, shi ne matakin V-0. V-2 kuwa ɗigon na iya kunna audugar. Taka ta biyun ina shakkar ko an taɓa gwada ta ma.

Baba_mai_waya:
Gsky Injiniya ya faɗi. Amma yaro ka duba wayar ciki ma, shekaru ina aikin lantarki a Marwa, in ka feɗe masu arhar nan tagullar kamar gashi, ka jona caja goma da fanka dole ta yi zafi. Sinadarin lokaci kawai yake ba ka ka cire filogi, ba ya hana gobara in tushen na nan.

Maman_Hanifa:
Ni abin da ke damuna hayaƙin ne. Yara a unguwarmu nan Kusiri suna ƙona tsofaffin wayoyin lantarki da kwankon talabijin don su ciri tagulla, idonsu jajur suna tari, babu illa kuwa Injiniya?

Injiniya_Ngaundere:
Akwai sosai Hajiya. Rigar waya yawanci robar PVC ce, tana ƙonewa tana fitar da iskar asid mai cin huhu. Wasu masu bromin ɗin kuma, irin su PBDE, taruwa suke a jiki, shi yasa yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba ta sa wasu a jerin haramtattu a 2009, wani irinsu mai suna decaBDE a 2017, amma tsofaffin kaya na nan cike da su. Don Allah ku yi wa iyayensu magana, su feɗe wayar da wuƙa maimakon ƙonawa.

Mai_caji_Garwa:
Na gode ƙwarai. Baba gobe in Allah Ya kai mu zan feɗe sauran in ga kaurin wayar, in siririya ce duk zan sauke su.