Yarona ya koma shiru-shiru a gida, hankali ne ko tsoro?

Maman Khalifa, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Yarona na fari shekararshi 8, yana aji uku. Babanshi mutum ne mai zafi, abu kaɗan tsawa, wani lokacin har da wayar caja. Yanzu da yaron ya ji ƙarar mashin ɗin baban a ƙofar gida sai ya shige ɗaki ya yi tsit, ga ƙarya da ya koya, ko kofi ya fasa sai ya ce ƙanwarshi ce alhali yarinyar tana bacci. Shi baban cewa yake ai ga shi nan ya fara hankali. Amma in muka je gidan kakarshi a Gidan Igwai kamar ba shi ba, surutu, dariya, labarin makaranta har sai an ce ya isa. In na jawo shi jikina a ce ina ɓata shi, kuma kun san ɗan fari, ko sunanshi ba na kira gaban surukai. Ya zan yi?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki yi haƙuri amma ni ban ga matsala ba. Mu da dorina aka tashe mu, gida a buge ka makarantar allo a ƙara maka, kuma ga mu nan lafiya lau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran yanzu da aka bar su da waya suna gaya wa iyayensu magana son rai, su ne abin tsoro.

Inna Hajiya, Kwanni:
Abu Sadik ɗana, ɗanyen iccen ma in an matsa mishi karyewa shi kai. Kun manta wani abu ku masu cewa an buge mu mun gyaru. Gidan da muka tashi gidan gandu ne, in uba ya bugi yaro akwai ɗakin kaka da za shi ruga, ta share mishi hawaye ta ba shi ragowar hura, ta yi mishi wasan miji da mata har shi manta. Akwai gwaggo, akwai kawu, akwai matar baffa. Kunyar ɗan fari ma da ake yi, ai don an san kaka ko gwaggo za ta ɗauke shi ne, ita ka nuna mishi son da uwa ke ɓoyewa. To yanzu kun koma gidan haya ɗaki biyu da falo, an kulle get, daga uba sai uwa, uban na tsawa uwar na kunya. Wa za shi gaya ma damuwarshi? Ɗiyata, kunyar nan ki bar ta gaban surukai, amma cikin ɗakinki ki rungumi ɗanki ki kira sunanshi, ba wanda ya aike ki.

Malama Arkilla:
Anti ni koyarwa nake a firamare, irin yaran nan muna gane su tun satin farko, ka ɗaga hannu za ka ɗauki alli su kare kai. Kuma ko sun san amsa ba sa ɗaga hannu saboda tsoron kuskure. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Diana Baumrind, tun shekarun 1960 ta kasa tarbiyya gida uku: masu tsanani ba sassauci, masu sakaci da komai yaro ya so a yi masa, sai masu kafa doka amma da jan yaro a jiki da yi masa bayani. A 1983 wasu masana biyu, Maccoby da Martin, suka ƙara na huɗu, wato iyayen da ba ruwansu kwata-kwata. Na ukun nan, masu doka da jan yaro a jiki, su ne aka fi samun yaransu da natsuwa da yarda da kai. Gaskiya binciken a ƙasarsu aka fara shi ba a nan ba, amma abin da nake gani a aji bai saɓa masa ba. Ƙaryar da yake yi kuma ba lalacewa ba ce, lissafi ya yi, gaskiya na jawo bulala ƙarya na kuɓutar da shi, to wanne zai zaɓa?

Abu Sadik maganarka ta waya kam na yarda, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ma a 2019 ta ce jariri kada a ba shi kallon waya ko talabijin sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Amma hana waya daban, duka da wayar caja daban.

Malam Runjin Sambo:
Allah ya shirya mana zuri'a. Abin mamaki masu kafa hujja da addini kan duka, hadisin salla ma cewa ya yi a umarce su suna shekara 7, maganar bugu sai sun kai 10, shekara uku ke nan ana koyarwa da baki, kuma malamai sun ce bugun da ba ya raunatawa, ba a fuska ba. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci Hasan, ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka ce masa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa, yana cikin Bukhari da Muslim. Ƙanwata kada ki ƙalubalanci maigidan gaban yaron, abin zai ƙara dagulewa. Ki nemi wanda yake jin nauyi, yayanshi ko limamin unguwa, ya yi masa magana kamar nasiha ce kawai ta zo.

Maman Khalifa, Mabera:
Na gode ƙwarai, Inna maganarki ta shige ni wallahi. Akwai yayanshi a Tambuwal da yake jin maganarshi, zan bi ta hannun matarshi. Malama ita ƙaryar fa, in ƙyale shi ne?

Malama Arkilla:
A'a kada ki ƙyale. Amma ki daina tambayar wa ya fasa tunda kin riga kin sani, ki ce na ga kofi ya fashe, ɗauko tsintsiya ka share. Ranar da ya faɗi gaskiya da kanshi ki sa masa albarka ya ji, hukuncin kuma ya zama mai sauƙi, kamar hana shi fita ƙwallo da yamma ɗaya. Sai dai ki shirya da baban tukuna, in ya faɗi gaskiya aka zane shi kin ga an koma gidan jiya.