Me ya haɗa gwajin maƙogwaro da bututun abincin da za a sa ta ciki?

Autan Baba:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma tun daga lokacin haɗiya ta gagare shi, ko ruwa aka ba shi sai ya ƙware. Yanzu ta bututun hanci yake shan kunu, amma likitoci sun ce tunda jinyar za ta ja lokaci, gara a sa masa wanda ake hudawa ta fatar ciki zuwa tumbi. Sai aka goga auduga a hancinsa da maƙogwaronsa aka kai ɗakin gwaji, aka ce sai sakamako ya fito za a sa ranar aiki. Ciki za a huda, to ina ruwan maƙogwaro?

Likitan Ciki:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Amsar tana cikin hanyar da bututun yake bi. A dabarar da aka fi amfani da ita, wadda Gauderer da Ponsky na Cleveland a Amurka suka bayyana a 1980, ana zura na'ura mai kyamara ta baki zuwa tumbi, a yi 'yar ƙaramar huda a ciki, a shigar da zare ta nan a fito da shi ta baki, sannan a ɗaura bututun a janyo shi ta maƙogwaro har ya ɓullo ta hudar. Duk abin da ke zaune a maƙogwaro, bututun zai iya kwaso shi ya shafa wa sabon rauni, shi ya sa ruɓewar bakin hudar take cikin matsalolin da aka fi gani bayan wannan aiki.

Dama akan yi allurar kashe ƙwayoyin cuta sau ɗaya cikin sa'a guda kafin a fara, kamar cefazolin ko co-amoxiclav, kuma tana rage haɗarin sosai. Sai dai akwai ƙwayar da ake kira MRSA wadda waɗannan magunguna ba sa yi mata komai, kuma takan zauna a hanci da maƙogwaron wanda ya daɗe kwance a asibiti ba tare da wata alama ba. Ita ake nema musamman. Sakamakon yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, kuma tunda Baba yana samun abinci ta hanci, ni dai ban ga abin da za ku rasa a wannan ɗan jira ba.

Autan Baba:
Na gode, likita. Idan an same ta, an fasa aikin ke nan?

Likitan Ciki:
Ba a fasawa. Akan yi kwana biyar ana shafa man mupirocin a cikin hanci, ana wanka da wanke baki da chlorhexidine, a kuma sauya allurar zuwa wadda ke iya ƙwayar, kamar vancomycin. Akwai kuma dabarar da ake sa bututun kai tsaye ta fatar ciki ba tare da ya ratsa baki ba, wadda aka fi so ga masu sankarar baki ko maƙogwaro. Ku tambaya ko asibitinku yana yin ta.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam, bari in ƙara da abin da ke hannunku ku masu jinya. Wanda ba ya ci ta baki akan manta da bakinsa, sai ka buɗe ka tarar harshe ya yi fari, yawu ya bushe ya kama dasashi, kuma a nan ƙwayoyin suke yaɗuwa. A riƙa goge masa haƙora da harshe safe da yamma da buroshi mai laushi, kansa a ɗage, kuma kada a ba shi ruwa ya kurkure tunda yana ƙwarewa. Kyakkyawan sakamakon gwaji ba ya hana rauni ruɓewa, musamman ga mai ciwon suga, don haka a kwanakin farko ku riƙa duba bakin hudar kullum. Ɗan ja kaɗan a gefenta ba abin tsoro ba ne, amma idan jan yana faɗaɗa, wurin ya kumbura ya yi zafi, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya taso, ku kira likita a ranar. Kada a shafa man zafi ko toka, kuma kada a matse faifan da ke riƙe bututun har ya nutse cikin fata.