Shafin intanet yana kawo wa ƙaramin ɗan kasuwa ciniki, ko asarar kuɗi ne?

Kafinta daga Panteka: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Bara na biya wani yaro ya buɗe mini shafin intanet don sana'ata ta gadaje da kujeru. Shafin ya yi kyau, ba ni da ƙorafi ta wannan fannin. Amma har yau ko mutum ɗaya bai kira ni ya ce a can ya gan ni ba, ga shi yanzu an aiko wai lokacin sabunta sunan shafin ya yi, in sake biya. Ni abin da na gani, ƙaramin ɗan kasuwa a Kaduna ba ya bukatar shafi, zubar da kuɗi ne kawai.

Hajiya mai turaren wuta, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Malam, ina bayanka ɗari bisa ɗari. Duk cinikina a WhatsApp da Instagram yake. Uwar amarya ba za ta tura kuɗin humra ga wadda ba ta ji muryarta ba. Za ta aiko saƙon murya, in amsa, mu yi ciniki, ta yi tiransifa, in kai kaya tashar Kawo direba ya wuce da su Zariya ko Kano. A ina shafi zai shigo?

Mai gina shafuka, Barnawa: Baba, don Allah turo mini adireshin shafin in duba kafin a yanke hukunci.

Kafinta daga Panteka: Na tura maka.

Mai gina shafuka, Barnawa: Na duba, kuma da girmamawa, ko ni ne mai neman gado ba zan kira ba. Sai da na jira sosai kafin ya buɗe a wayata, saboda an loda masa manyan hotuna ba a rage nauyinsu ba. Hotunan ma ba na aikinka ba ne, ɗakunan Turawa ne aka kwaso daga intanet, duk wanda ya gani ya san ba a Panteka aka yi su ba. Lambar wayarka tana can ƙasa, ba a iya danna ta ta kira, babu kuma maɓallin da zai kai mutum WhatsApp ɗinka kai tsaye. Sai wani fom da aka ce a cike, suna da imel da saƙo. Wa ke cike fom don tambayar kuɗin gado? Rubutun duk Turanci ne, dogon bayani kan burin kamfani, amma babu girman gado, babu irin katako, babu kwatancen rumfarka. Abu mafi girma, Google ba ya turo mutane don kawai shafi yana nan. Idan mutum ya nemi mai gadaje a Kaduna, taswira ce ke fara fitowa da shagunan da suka yi rajista a kanta, da lambobinsu da ra'ayin waɗanda suka saya. Rajistar kyauta ce, kuma ba ka cikinta. Kamar ka gina shago ne a lungun da babu hanya, ka zauna jiran masu wucewa.

Kafinta daga Panteka: To ai maganata ka tabbatar, ɗana. Ni kafinta ne, ban san waɗannan abubuwan ba. Wanda ya karɓi kuɗina me ya hana shi gaya mini? Ku masu wannan aikin kyau kuke sayar mana, mu kuma ciniki muke nema.

Mai gina shafuka, Barnawa: Wannan ƙorafin yana kan hanya, Baba. Da yawa suna miƙa shafi su karɓi kuɗi su ɓace. Amma laifin magini daban, amfanin gini daban.

Mai buga takardu, titin Ahmadu Bello: Ni kam ba zan yarda a ce asara ba ce. Ya danganta da wanda kake sayar wa. Makarantu da ƙungiyoyi masu zaman kansu idan za su ba da aikin buga kalanda ko littattafai, sai sun nemi takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sun duba ko kana da shafi da imel mai ɗauke da sunan kamfani. Ba a shafin suke fara jin labarina ba, wani ne ke ba su sunana, amma nan suke zuwa su tabbatar ni ba ɗan damfara ba ne. Ba su taɓa cewa "a shafi muka gan ka" ba, amma na san suna dubawa.

Hajiya mai turaren wuta, Unguwar Rimi: Alhaji, kai da ofisoshi kake hulɗa. Mu masu sayar wa gidaje fa?

Malamar makaranta, Malali: Ku bar ni in yi magana a matsayin mai saye, tunda duk ku masu sayarwa ne. Abin da ke kora ta, a shafi ko a Instagram, rashin farashi ne. Sai a ce "yi mana magana ta sirri". Na yi maganar, sai bayan kwana biyu a amsa, lokacin na riga na saya a wani wuri. Kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ba na tsayawa jiran shafin da ke cinye mini data kafin in ga komai. Ina rufewa ne.

Hajiya mai turaren wuta, Unguwar Rimi: Malama, rubuta farashi ba abu ne mai sauƙi ba. Tun da aka saki naira a 2023, kayan haɗi da muke sarowa ba sa tsayawa wuri ɗaya. In rubuta yau, gobe ya tashi, kwastoma ta zo ta ce na yaudare ta. Ga kuma masu sana'a irin tawa da ke leƙe su rage ɗari biyu su janye mini mutane.

Malamar makaranta, Malali: Hajiya, ko "daga kaza zuwa kaza" ai ya isa in san ko aljihuna zai ɗauka. Wadda za ta leƙa farashinki, ko ba ki rubuta ba za ta sa ƙanwarta ta tambaye ki.

Alhaji mai yadi, Kasuwar Barci: Ni tsoho ne, ban san shafi ba. Amma da aka rushe kasuwarmu a 2020, waɗanda suka neme mu suka same mu su ne masu lambar wayarmu. Duk abin da za ku yi, ku riƙe lamba ɗaya, ku ɗaga idan an kira.

Mai gina shafuka, Barnawa: Gaskiya ne Alhaji, kuma nan ne nake jin tsoron dogaro da WhatsApp kaɗai. A Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida. A shekarar dai gwamnati ta rufe Twitter wata bakwai. Ana kuma sace asusun mutane kullum a damfari kwastomominsu. Shafi naka ne, da wuya wani kamfani ya tashi da safe ya kulle shi muddin kana sabuntawa.

Hajiya mai turaren wuta, Unguwar Rimi: Awa shida ba su kashe kasuwar kowa ba, ƙanena. Shi kuwa Malam shekara guda ya yi da shafi babu kira ko ɗaya.

Mai buga takardu, titin Ahmadu Bello: Malam, tambaya ɗaya. Fom ɗin nan da aka ambata, idan mutum ya cike, ina saƙon yake zuwa?

Kafinta daga Panteka: Yaron ya ce akwai imel da ya buɗe mini. Ban taɓa shiga ba, lambar sirrin tana wajensa.

Mai gina shafuka, Barnawa: Baba, to ba mu ma san ko an neme ka ko ba a neme ka ba. Kada ka biya kuɗin sabuntawa tukuna. Kira shi ya ba ka lambar sirrin imel ɗin, ka kuma tambaye shi da sunan wa ya yi rajistar shafin, naka ko nasa. Gobe bayan la'asar zan biyo ta Panteka mu buɗe tare, mu ɗauki hotunan gadajen da ke rumfarka.