Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki: ta ci a kasuwar hannun jari?

Ɗan Wadata: Jama'a, gardama ta kaure a wata majalisa nan Yamai. Wani ya ce duk wanda hannun jarinsa ya hau a BRVM, kasuwar hannun jarin yankinmu da ke Abijan, ya sayar ya karɓi kuɗinsa, wai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Haka ake jawo wannan magana?

Malam na Tawa: Ma'anarta dai sananniya ce, ƙanena: kaɗan da ke hannunka ya fi mai yawa da kake jira. Amma wanda ya jawo ta nan sai ya faɗa mana wane ne ƙwan. A ganina ƙwai shi ne rabon ribar da kamfani ke biya kowace shekara, hannun jarin kuma shi ne kazar. Wanda ya sayar don farashi ya hau, kazar ya sayar.

Mai Lissafi: Na bi bayan Malam, ga lissafi. A ɗauka ka sayi hannun jari ɗaya a sefa 5,000, kamfanin na raba 400 a shekara: kashi 8 cikin ɗari ke nan. Farashi ya kai 8,000, rabo bai motsa ba. Wanda ya saya yau kashi 5 zai samu. To tambayar da za ka yi kafin ka sayar ita ce, ribar kamfanin ta ƙaru ne, ko kuwa mutane ne kawai suka yi ca a kansa? In ribar ta ƙaru, riƙe. In ɗoki ne kawai, mai karin maganar na da gaskiya. Kuma ka cire kamashon dillali da na kasuwa, ana biyansu ranar saye, a sake biya ranar sayarwa. Mai yawan shiga da fita dillali yake yi wa aiki.

Hajiyar Katako: Ku yi a hankali, Malam. Kun manta 2016 zuwa 2020? Shekara biyar a jere ma'aunin BRVM Composite, mai nuna tafiyar farashin kasuwar gaba ɗaya, na sauka, bayan hawan da ya yi har 2015. Wanda bai karɓi ƙwansa ba a lokacin ya daɗe yana kallon akurki. Sai a 2021 kasuwar ta farfaɗo sosai, 2024 ma ta yi kyau, shi ya sa yanzu kowa ya zama gwani.

Mai Lissafi: Gaskiya ne, Hajiya, sai dai a waɗannan shekarun manyan kamfanoni irin su Sonatel, kamfanin sadarwa na Senegal, ba su daina rabo ba. Farashi ne ya faɗi.

Hajiyar Katako: Farashin ai shi ne kuɗinka ranar da buƙata ta taso. Ga abin da masu cewa "riƙe" ba sa faɗa. Kasuwar Abijan ƙarama ce, ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, ke tarayya a cikinta, amma kamfanonin ba su da yawa, wasu kuma sai a wuni ba a yi cinikinsu ba sai ɗan kaɗan. Doka ta hana farashi hawa ko sauka fiye da kashi 7.5 cikin ɗari a rana ɗaya. Wannan na hana rugujewa farat ɗaya, amma ranar da tsoro ya shigo, masu sayarwa sun yi layi, mai saye babu. Farashi ya sauka 7.5, gobe ma haka, kai kuma umarninka na sayarwa na nan bai wuce ba. Saboda haka kuɗin makarantar yara, ko na aikin hajji da ke tafe, ba a ajiye su can.

Ɗan Wadata: To mu a Nijar ta ina ake shiga ma?

Mai Lissafi: Ba ka saye da kanka. Sai ta hannun dillali mai lasisin hukumar AMF-UMOA mai sa ido kan kasuwar, waɗanda ake kira SGI. Ka kai katin shaida da hoto, a buɗe maka asusun hannun jari, ka zuba kuɗi, sannan ka ba da umarni. Ka rubuta iyakar farashin da ka yarda da shi. In ka ce a saya maka a duk yadda aka samu, a kamfanin da cinikinsa ba shi da yawa, sai a ɗauko maka mafi tsada. Wani kuskuren kuma: saye ana gobe za a cire rabo, wato ranar da sabon mai saye ya daina shiga rabon shekarar. Ranar da aka cire shi farashi kan sauka kusan daidai da abin da aka raba, ga haraji an yanke tun kafin kuɗin su iso ka. Yawanci bayan taron masu hannun jari ake biya, daga bazara zuwa damina.

Malam na Tawa: Ɗan Wadata, ƙara da wannan. Tun da bankin BOA Nijar na cikin kasuwar, mutanenmu kan zuba komai nan don sun san ƙofar bankin. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an sa takunkumi, aka rufe asusun gwamnati a BCEAO, babban bankin yankin, biyan bashin da ta ci a kasuwar yankin ya tsaya har bayan an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Bankuna ne ke riƙe da yawancin takardun bashin nan. Wanda ya raba jarinsa tsakanin banki, sadarwa da noma, a ƙasashe dabam-dabam, girgizar ba ta same shi gaba ɗaya ba. Wasu ma ba sa taɓa bankuna sam saboda kuɗin ruwa, wannan kuma zancen malamai ne.

Hajiyar Katako: Gaba kuma abu biyu nake kallo. Man fetur na Agadem ya fara fita ta bututun Benin a 2024, in ya ci gaba da gudu baitulmali zai samu sauƙi. Na biyu zancen barin sefa. Har yanzu Nijar na cikin UEMOA duk da ta fice daga CEDEAO, yuro ɗaya kuma na nan a sefa 655.957. Masu shekaru na tuna Janairun 1994 da aka rage darajar sefa da rabi. A irin wannan rana kuɗin da ke ƙarƙashin katifa ne ke fara narkewa, ƙwan da ke baka ke nan.

Ɗan Wadata: Ashe Hajiya kin koma ɓangaren kaza.

Hajiyar Katako: Ban koma ba, ɗana. In jarinka ya ninka, sayar da rabi ka fitar da uwar kuɗinka, sauran ka bar shi yana kawo rabo. Sai ka duba rahoton ribar kamfanin na rabin shekara kafin ka ƙara ko sisi.